Jirgin ƙasa a fagen yaƙi: tambayoyin da aka fi yi mini a Yamai

Na daɗe ina koyar da tarihi a nan Yamai, kuma duk shekara idan darasi ya kai kan yaƙe-yaƙen duniya sai zancen jirgin ƙasa ya shigo. Yara su tambaya a aji, manya su tambaya a fada bayan isha'i, musamman tun 2014 da aka fara shimfiɗa dogo a cikin garin nan. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da amsar da nake bayarwa.

Malam, mu da ba mu da jirgin ƙasa mai aiki, me ya haɗa mu da wannan tarihi?

Ya haɗa mu ƙwarai. A zamanin mulkin mallaka Faransawa ba su shimfiɗa mana dogo ko taku ɗaya ba, amma ɗauki taswira ka ga inda dogon maƙwabta ya tsaya: Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Paraku a 1936. Dukansu a bakin ƙofarmu suke. Wanda ya sauka a ɗaya daga cikin tashoshin nan, ƴan kwanaki ne tsakaninsa da Maraɗi ko Damagaram ko Gaya.

A watan Disamba na 1916 Kawusan da mayaƙansa, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya. Faransa tana can tana fama da Jamus, sojojinta a nan kaɗan ne. Da a ce ta ƙasa za a kawo ɗauki daga Dakar, da an ci watanni a hanya. Sai aka ɗebo sojoji a jirgin ruwa zuwa Ikko, Ingilishi suka ba su jirgin ƙasa, suka yi sama da kilomita 1,100 zuwa Kano cikin ƴan kwanaki, daga nan suka taka zuwa Damagaram. Ranar 3 ga Maris 1917 rundunar ta shiga Agadas, kuma kisan da ta yi wa mutanen gari, har da malamai, Abzinawa ba su manta da shi ba. Ƙarfen da aka kwantar a ƙasar Kano yana da hannu a abin da ya faru a Agadas.

Me jirgin ƙasa ke yi wa soja wanda raƙumi ko doki ba za su yi ba?

Kaya, ɗana. Mutane suna tuna bindiga, su manta da tukunya, alhali sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Runduna tana cin abinci kullum, ko ta yi faɗa ko ba ta yi ba, ga harsashi, ga magani, ga takalmi.

Wanda ya san ayarin gishiri na Bilma ya riga ya san matsalar. Raƙumi yana ɗaukar kamar kilo 150, amma kafin a shiga Tenere sai an ɗora masa damman ciyawar da zai ci zuwa da dawowa. Wato dabba tana cinye wani kaso na abin da take ɗauke da shi, kuma gwargwadon nisa gwargwadon abin da za ta cinye. Haka rundunonin duniya suka yi ta fama shekaru dubbai. Jirgi ɗaya mai jan tan 300 kuwa ya ɗauke kayan raƙuma 2,000, ya yi tafiyar wata guda a yini biyu, ya juya ya sake ɗaukowa.

Janar Sherman na Amurka ya yi wannan lissafi da kansa. A 1864, yana tunkarar birnin Atlanta da mutum kusan 100,000 da dabbobi 35,000, dogo ɗaya tak mai tsawon kimanin kilomita 760 ne ke ciyar da su. Ya ce in ba don dogon ba, da sai ya nemi amalanke 36,800, kowanne da alfadari shida. Hakan kuwa, in ji shi, ba zai yiwu ba a kan irin hanyoyin da ke yankin a lokacin.

Yaushe aka fara amfani da shi a yaƙi?

A yaƙin Kirimiya, 1855, Ingilishi suka yi ɗan gajeren dogo daga tashar ruwa ta Balakalaba zuwa sansaninsu a gaban Sebastopol, saboda laka ta hana abinci isa ga sojoji, sanyi da yunwa suna kashe su. A 1859 Faransa ta kai rundunarta yaƙin Italiya ta dogo. Amma inda abin ya girma shi ne yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865: a Satumba 1863 gwamnatin arewa ta kwashe sojoji sama da 20,000 ta kai su tazarar kusan kilomita 1,900 cikin kwana goma sha wani abu. A Turai kuwa Moltke, shugaban hafsoshin Furushiya, shi ya maida jadawalin jirgi wani ɓangare na shirin yaƙi. A yaƙinsu da Ostiriya a 1866 yana da layuka biyar masu zuwa iyaka, Ostiriya tana da ɗaya, kuma cikin mako bakwai aka gama.

Wai gaskiya ne jadawalin jiragen ƙasa ne ya jawo yaƙin 1914?

Akwai masana da suka faɗi haka, ni ban yarda da su duka ba. Mutane ne suka zaɓi yaƙi. Abin da jadawalin ya yi shi ne rage musu lokacin tunani. Kowace ƙasa ta tsara, tun shekaru kafin nan, wane tarago zai ɗauki wace bataliya a wace sa'a, kuma kowa yana tsoron idan ya yi jinkirin kwana biyu abokin gaba zai riga shi iyaka. Jamus ta yi amfani da jirage kusan 11,000 wajen tara rundunarta. Daga 2 zuwa 18 ga Agusta, jirgi 2,150 ne suka haye kadarko ɗaya na birnin Kolon a kan kogin Rayin, kusan ɗaya duk minti goma, dare da rana.

Sai dai a nan ne kuma iyakar jirgi ta fito fili. Da Jamusawa suka shiga Beljiyam suka tarar an rushe kadarkai an toshe hanyoyin ƙarƙashin dutse. Suka ci gaba a ƙafa, suna ƙara nisa da tashar da abincinsu ke sauka, dawakai suna mutuwa. Faransawa kuwa dogonsu na bayansu lafiya lau, suka kwaso runduna daga gabas suka jibge kusa da Paris, suka tare su a kogin Marne a watan Satumba. Shekara huɗu abin ya tafi haka: mai kai hari yana tafe a ƙasa cikin laka, mai tsaro yana kawo ɗauki a jirgi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafe a ramuka. Ko takardar tsagaita wuta ta 11 ga Nuwamba 1918 a cikin tarago aka sa mata hannu, a dajin Kompiyen, kuma a 1940 Hitila ya sa aka fito da wannan taragon domin Faransa ta miƙa wuya a cikinsa.

A nan Afirka fa, wane yaƙi ne dogo ya ci?

Na Sudan, kuma labarinsa ya zo har Kano. Lokacin da Kitchener, kwamandan Ingilishi, ya tashi rushe daular Mahadi, matsalarsa ba mayaƙan Halifa Abdullahi ba ce da farko, kogin Nilu ne, wanda ke yin babban lanƙwasa cike da duwatsun da jirgin ruwa ba ya wucewa. Sai ya yanke shawarar tsaga hamada kai tsaye daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, kimanin kilomita 370, inda ba gari ba inuwa. Wanda ya riƙe aikin wani matashin injiniyan soja ne ɗan Kanada, Percy Girouard. An fara ranar 1 ga Janairu 1897, aka isa a ƙarshen Oktoba. Ruwan sha da na injin duk a kan dogon ake kawo su, har aka yi sa'a aka haƙa rijiyoyi biyu a hanya suka ba da ruwa. A 1898 dogon ya kai Atbara. A kansa aka kawo igwa da harsashi, har da jiragen ruwan yaƙi gunduwa-gunduwa, aka harhaɗa su a bakin kogi. Ranar 2 ga Satumba 1898, a Karari kusa da Umdurman, Ansaru, wato mabiya Mahadi, sama da 10,000 suka kwanta dama cikin safiya ɗaya, ɓangaren Kitchener ba a rasa mutum 50 ba. Jarumtar Ansaru ba wanda ya yi musunta. Abin da ya kashe su ya biyo dogo ne.

Shekara tara bayan haka, a 1907, aka naɗa wannan Girouard ɗin ya gaji Lugga a mulkin Arewacin Najeriya, kuma saboda dogo aka zaɓe shi. Shi ya fara layin Baro zuwa Kano, mai faɗi ɗaya da na Sudan. Ku lura: Kano da Sakkwato sun faɗi a 1903 ba tare da jirgi ba, ƴan dako ne suka ɗauki kayan yaƙin a ka. Dogo ya zo ne domin riƙe abin da aka ci, a iya kawo soja cikin gaggawa, a kuma fitar da auduga. Audugar ba ta zo yadda suka so ba, gyaɗa ce ta cika taragun, har da gyaɗar Maraɗi da Damagaram. Talakawan da sarakuna suka tura aikin tilas su suka haƙa hanyar, kuma daga nan kalmar aikin diga ta zauna a bakinmu.

To me ya sa Faransa ba ta yi mana namu ba?

Ta yi mafarkinsa har sau biyu, kuma duka biyun da tunanin soja.

Daga yamma, ta fara da layin Dakar zuwa Sanluwi. Lat Jor, Damel wato sarkin Kayor, ya gane abin da ƙarfen ke nufi, ya ƙi yarda ya ratsa ƙasarsa. An buɗe layin a 1885, an kashe shi a fagen daga a 1886. Wani layin ya tashi daga Kayes a 1881 domin haɗa kogin Senegal da kogin Isa, ya ciyar da rundunonin da ke yaƙar Ahmadu ɗan Alhaji Umaru Tal da Samori. Sai 1904 ya kai Bamako, lokacin yaƙin ya riga ya ƙare. Layin da ya taso daga Abijan ma sunansa Abijan-Nijar, amma a 1954 ya tsaya a Wagadugu.

Daga arewa kuma akwai shirin ratsa Sahara. A Disamba 1880 Kanar Flatters ya tashi daga Wargala da mutum casa'in da wani abu domin auna hanyar dogo zuwa ƙasar Hausa. A Fabrairu 1881 Abzinawan Ahaggar suka far musu a bakin wata rijiya, kaɗan ne suka koma. Shirin ya kwanta shekaru. A Maris 1941 gwamnatin Vishi, wadda ke ƙarƙashin inuwar Jamus, ta farfaɗo da shi da sunan Bahar Rum zuwa Nijar. A takarda, dogon zai sauko ta Adrar, ya rabu biyu kusa da kogi, reshe ɗaya ya yi Segu, ɗaya ya zo Yamai. Waɗanda aka sa aikin fursunoni ne, Yahudawa da ƴan gudun hijirar Sifaniya da sauransu, a sansanonin azaba tsakanin Bu Arfa da Bashar. Dogon bai wuce Abadla ba, a kudancin Aljeriya. Ina gaya wa ɗalibaina cewa jirgin farko da aka rubuta sunan garinmu a kan hanyarsa, ba domin kai mu Hajji ko kasuwa aka tsara shi ba.

Alhazai suna cewa akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Madina. Ta yaƙi ce?

Ta ibada ce kuma ta mulki. Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu na daular Usmaniyya ya fara aikin a 1900, Musulmi daga ƙasashe da yawa suka ba da gudummawa, jirgi ya shiga Madina a 1908 bayan kilomita kusan 1,300 daga Dimashƙu. Tafiyar kwana arba'in ta koma ta ƴan kwanaki. Amma taragon da ke ɗaukar alhaji yana ɗaukar soja, kuma Sharifin Makka da ƙabilun da ke cin abinci da ayarin alhazai sun san haka, shi ya sa dogon bai taɓa kaiwa Makka ba.

Da Sharif Husaini ya yi tawaye a 1916, Larabawa da hafsoshin Ingila, ciki har da Lawrence, suka maida hankali kan layin. Dabarar tana da ban mamaki: ba su so su yanke shi gaba ɗaya. Suna fasa nan a gyara, su fasa can a gyara, domin dubban sojojin Turkiyya su ƙare a gadin ƙarfe cikin hamada maimakon zuwa fagen Falasɗinu. Fahri Basha, kwamandan Madina, ya ƙi miƙa garin har Janairu 1919, bayan daularsa ta daɗe da ajiye makami. Tun daga lokacin jirgi bai koma aiki sosai a sashen kudu ba, kawunan jiragen da aka kifar suna nan cikin rairayi.

Lalata dogo ba abu ne mai sauƙi ba? Nakiya ɗaya ta isa.

Fasawa na da sauƙi, hana gyara ne ke da wuya. Ƙarfen da aka fasa da dare, ƙwararrun ma'aikata suna maye gurbinsa kafin azahar. Shi ya sa sojojin Sherman suke tara katakan dogo su cinna wuta, su gasa ƙarfen ya yi ja, su naɗe shi a jikin itace yadda ba ya miƙuwa. Jamusawa kuma da suna ja da baya sun ƙera wata ƙatuwar ƙugiya da jirgi ke ja tana kakkarya katakan. Wanda ya san aikin yana neman kadarko ne, da kan jirgi, da wurin gyara, da tankin ruwa. Ko kadarkon ma ba tabbas: a 1862 injiniya Haupt ya sake gina wani dogon kadarko a Amurka cikin kwana tara da ɗanyen itace.

Yawa shi ke yin tasiri. A daren 19 zuwa 20 ga Yuni 1944 ƴan sari-ka-noƙe na Tarayyar Sobiyet sun tayar da nakiyoyi kusan 10,000 a bayan rundunar Jamus, ana gab da babban farmaki. A Faransa kuwa, kafin saukar sojojin ƙawance a Normandi, jiragen sama sun yi watanni suna ruwan bam a manyan tashoshi, ma'aikatan reluwe na Faransa suna ɓata abin da ya rage daga ciki.

Akwai kuma kariyar da ba ta buƙatar nakiya. Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu a yawancin Turai milimita 1,435 ce, ta Rasha ta fi ta da kusan milimita 90. Da Jamus ta kutsa a 1941, jiragenta ba sa hawa dogon Rasha sai an matso da ƙarfe ɗaya, kilomita bayan kilomita. Da hunturu ya zo, bututun ruwan injinansu suka daskare suka fashe. A daidai wannan lokacin Sobiyet ta kwance masana'antu sama da 1,500 ta loda a taragu ta kai su gabas, inda bam ba ya isa.

Jirgi mai sulke da igwar da ke kan dogo fa?

Sun fi kyau a hoto. Jirgi mai sulke ya yi amfani wajen sintiri a yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu da yaƙin basasar Rasha, amma ba ya kaucewa hanyarsa, kowa ya san inda zai bi. A cikin irinsa aka kama Churchill a Nuwamba 1899, yana ɗan jarida. Igwar Jamus mai suna Gustav nauyinta tan 1,350, harsashinta ɗaya ya kai tan 7, sai an yi mata dogo biyu jere da dubban ma'aikata, kuma a Sebastopol a 1942 ba ta harba harsashi 50 ba.

Su wa suka fi shan wahalar wannan tarihi?

Waɗanda ba su riƙe bindiga ba. Tsakanin 1942 da 1943 Japan ta gina dogo mai kilomita 415 daga Tailan zuwa Bama, ƙasar da kakannin wasunmu Hausawa suka je yaƙi a rundunar Ingila. Fursunonin yaƙi sama da 12,000 suka mutu a aikin, leburorin Asiya kuma kusan 90,000, waɗanda ba a cika ambatonsu ba. A Turai taragun dabbobi ne suka kai Yahudawa sansanonin kisa. Daga Hangari kaɗai, tsakanin Mayu da Yuli 1944, an kwashe mutum kusan 437,000, yawancinsu zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Akwai ma'aikatan ofis da suka tsara lokacin tashin kowane jirgi, suka rubuta kuɗin kowane kai. Idan na zo wannan wuri a aji nakan tsaya, domin ina son yaran su ji nauyinsa.

Mu ma muna da namu, ko da ba a kira shi yaƙi ba. Dogon Kwango zuwa teku, wanda Faransa ta gina daga 1921 zuwa 1934, ya ci rayuka aƙalla 17,000, da yawa daga cikinsu Sarawa ne da aka kamo daga kudancin Cadi.

A zamanin jirage marasa matuƙi, har yanzu dogo yana da amfani?

Yana da shi, domin tankar yaƙi ba ta yi sauƙi ba, harsashin igwa ma haka. Rasha tana da rundunar dogo ta musamman, kuma yaƙinta a Yukren tun 2022 a kan layukan jirgi yake tafiya, shi ya sa aka kai wa kadarkon Kirimiya hari a Oktoba 2022. Yukren ma da jirgi ta kwashe miliyoyin fararen hula, kuma a tashar Kramatorsk, ranar 8 ga Afrilu 2022, makami mai linzami ya faɗa kan masu jiran jirgi ya kashe gommai.

Kusa da mu, jirgin tama na Muritaniya, mai tafiyar kilomita 700 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, shi Polisario, ƙungiyar masu neman ƴancin Yammacin Sahara, ta yi ta kai wa hari a 1977 har kuɗin shigar ƙasar ya karye, a Yuli 1978 soja suka kifar da gwamnati. Dogon Bengela na Angola ya mutu da yaƙin basasa daga 1975, sai bayan kusan shekara arba'in ya tashi. Na Abuja zuwa Kaduna kuwa kowa ya ji: ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa nakiya, aka kashe fasinjoji, aka sace gommai, na ƙarshensu sai a Oktoba suka dawo gida.

Baba malam, to mu nemi dogo ko mu ji tsoronsa?

Mu neme shi, ido buɗe. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan Yuli 2023, mun ga abin da ake nufi da ƙasa marar teku mai dogaro da manyan motoci: kaya su taso daga Lome, su ratsa Burkina, su yi makonni suna jiran rakiyar soja ta Kaya da Dori zuwa Tera, mu kuma mu ji abin a kuɗin buhun shinkafa. Jirgi ɗaya yana ɗauke kayan motoci da yawa, kuma rakiyar jirgi ɗaya ta fi ta jerin motoci sauƙi.

Amma dogo ba ya tsallake iyakar da aka rufe, kuma kowane kadarko nasa sai an tsare shi. Layin Yamai zuwa Doso, kilomita 140 da ɗoriya, an ƙaddamar da shi a Janairu 2016, rikicin shari'a a Benin ya tsayar da sauran aikin, ya zauna bai haɗu da komai ba. Tsakaninsa da Paraku akwai sama da kilomita 400 da ba ƙarfe, ga kogi a Gaya. Na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, an aza harsashinsa a Fabrairu 2021, kuma zai ratsa ƙasar Katsina ta Jibiya, yankin da ƴan bindiga suka addaba shekaru. Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba: faɗin na Doso mita ɗaya ne, irin na Benin, na Maraɗi kuwa milimita 1,435. Ko an ja su sun haɗu a Birnin Ƙonni, taragon wannan ba zai hau na wancan ba, sai an sauke kaya an sake lodi.